Hawainiya a Kwandon Alƙaluma

Fakku, 9 ga Jimada Awwal, 1434

Bismillahi. Daga Almu ɗan Malam Sama'ilu, ubangidanki ko kin so ko kin ƙi, zuwa ga taubashiyata Zahara'u ɗiyar Gwaggo Asiya, baiwar gidanmu da ta tsere Kano tana leƙen cikin mutane da na'ura.

Gaisuwa mai yawa gare ki da maigidanki da yara. Ina fatan zafin Kano bai narkar da ke ba, ko da yake akwai abin narkewa. Nan Fakku Inna lafiya, ɗalibai lafiya, shanu lafiya, in ban da mutum guda.

Kawunki ba shi da lafiya. Hannunshi na dama ne. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya zube, wurin ya yi rami. Alƙalami ba ya tsayawa a hannun. In ya zauna shiru sai ki ga naman damtsenshi na rawa shi kaɗai, kamar akwai abin da ke yawo ƙarƙashin fata. Alƙur'anin da shika rubuta ma masallacin Juma'a ya tsaya, saura izu bakwai.

Yanzu ga inda nis shigo ciki, kuma kada ki yi dariya. Kwana arba'in da sunka wuce na kama hawainiya a lambun fadama, nis sa ta cikin kwandon alƙaluma. Yaya Shaihu nika hari, don shi ke fiƙe alƙaluma kullum da safe, kuma kin san shi da tsoron abin da ke rarrafe. Ran nan Yaya ya makara wurin jana'iza. Malam da kanshi yas sa hannu cikin kwandon. Ta hau bayan hannunshi, ya yarfe ta, ya yi baya yaf faɗi bisa buzu. Bai ji ciwo ba. Bayan sati biyu anka fara ganin hannun ya canza.

Gari duka ya yanke hukunci: hawainiya ta hura mishi, shi ya sa hannun ke komawa irin nata. Yaya ya hana ni shiga zaure, ya karɓe ƙananan ɗaliban da nika biya ma karatu, akushina an ware shi. Malam bai zage ni ba, bai buge ni ba. Tun ranar bai sake kiran sunana ba, kuma wallahi da bugun yay yi da ya fi mini.

Ban kira ki ba don waya guda ce a gidan, tana aljihun Yaya, kuma sai an hau tudun bayan kasuwa take kamawa. Rubutun boko kuwa kin san ni da shi ko gaisawa ba mu yi. Na ba Ɗangiwa mai motar albasa takardar nan a tashar Tambuwal. Ke da kike aiki inda ake ganin cikin kan mutum, ki faɗa mini mi wanga abu, kuma mi za a yi.

Haza wassalam. Almu.

*

Kano, 29 ga Maris, 2013

Zuwa ga Almu sarkin tsiya,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya, yara na gaida Kawu da Inna. Ƙibata kuma ba daga rumbunka ta fito ba.

Wannan karon ka yi ƙoƙari. Ramin hannu, rawar nama, har da hawainiya. Wa ya koya maka? Ka manta bara waccan ka kwaikwayi hannun Yaya Shaihu, ka rubuto mini da wannan kyakkyawan ajamin naka cewa gwaggonka ta faɗi ta karye a ƙugu? Na roƙi hutu, na kwana a hanya da goyo, na iso Tambuwal na same ta tana surfe, kai kuma kana kan katanga kana cin rake. Har yau shugabar ɗakinmu in na nemi hutu sai ta tambaye ni ko ƙugun ne ya sake karyewa.

Duk da haka na kira gwaggonka. Ta ce ba ta ji komai ba, ranar Juma'a ma Kawu ya aiko mata da gaisuwa. Na kira Yaya Shaihu, ya ce kowa lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Ka yi wasanka da ni yadda ka so, hakkinka ne, ni ma ina da ramuwa a ajiye. Amma ka cire Kawu daga ciki. Mutumin da ya ɗora ni a gwiwarsa ya koya mini baƙi da wasali ba abin wasanmu ba ne.

Taka uwargijiya, Zahara'u.

*

Fakku, 25 ga Jimada Awwal

Zahara'u, gaisuwa. Lafiya muke, shi ba lafiya ba.

Na karanta takardarki sau ukku a tasha, har Ɗangiwa yat tambaye ni ko mutuwa anka yi. Maganar ƙugu na yi ta, ban musa ba. Amma ashe mutum in ya yi ƙarya guda mai kyau shi ke nan ya cinye gaskiyarshi ta shekara goma?

Gwaggo ba ta sani ba don Malam ya hana a faɗa mata, saboda hawan jininta. Gaisuwar Juma'a Yaya ke aikawa da sunanshi. Shi kuma Yaya in kin tambaye shi gida na cin wuta, zai ce miki sai ɗan ɗumi.

To ga abin da niy yi, tunda takardata ba shaida ba ce. Ranar kasuwa na ari babur, nit tafi Tambuwal, nic ce ma Gwaggo ta hau. Ita ma da farko ta ɗauki muciya. Sai da nir rantse da kabarin Kaka sannan ta yafa mayafi. Da munka iso ta shiga zaure ba sallama mai tsawo, ta kama hannun ƙanenta ta juya shi, ta sake juyawa, sai ta zauna ƙasa. Ni ina leƙe ta tagar ɗalibai. Ta ce mishi, “Sama'ilu, ni za ka ɓoye ma?” Ya ja hannun riga ya rufe.

Ladan da nis samu shi ne Yaya ya ƙara mini laifi na biyu, wai na tona asirin gida. Ya faɗa gaban Inna cewa an fara ma Malam magani na kwana arba'in, rubutun sha da hayaƙi da shafi. In an gama hannun bai dawo ba, in bar gidan kafin azumi, in bi Fulanin da ke kiwon shanunmu zuwa kudu, kada in sake kwana Fakku Malam na da rai. Malam na jin shi, bai ce a'a ba.

Yanzu ki sake kiran gwaggon tawa. In ta ce miki ƙarya nika yi, ki ƙona wagga takarda.

Almu.

*

Kano, 10 ga Afrilu

Almu,

Gaisuwa gare ka, da ban haƙuri, ko da yake rabin laifin naka ne. Gwaggonka ta kira ni tun kafin takardarka ta iso. Kuka ya hana ta magana, sai da na kashe na sake kira.

Na kai wa Likita Maccido bayanin da ka rubuta, shi ne likitan jijiya a nan. Ban karanta masa wurin hawainiya ba, sai daga baya, kuma bai yi dariya ba. Ya ce yana son ganin Kawu da idonsa, a kuma sa shi a na'urar ɗakinmu. Mu a nan Emarai muke ce mata. Ba irin hoton ƙashi ba ce da ka sani. Wani babban maganaɗisu ne mai rami a tsakiya, mutum ya kwanta a tura shi ciki, ta nuna ƙwaƙwalwa da lakar wuya yanka-yanka kamar an yanka albasa, ba tare da an taɓa mutum da wuƙa ba. Abin da ke kashe hannu sau da yawa ba a hannun yake ba, a can sama yake.

Layi yana da tsawo, amma na samar masa Talata, 23 ga wannan wata. Su iso ranar Litinin. Kada a shigo da ƙarfe ko na allura: zobe, agogo, layu, duk za a cire. Ka tambayi Inna ko an taɓa sa masa ƙarfe a jiki. Na faɗa wa Yaya Shaihu ranar ta waya, ya ce to. Ban yarda da wannan to ɗin ba, shi ya sa nake faɗa maka. Ka tsaya a kansu.

Likita na tambaya: hannun na ciwo? Yana jin taɓi? Ƙafa fa, da harshe, da haɗiya? Tunaninsa ya canza?

Maganar korarka kuwa, ka bar ta tukuna. A fara sanin abin da ke damunsa.

Zahara'u.

*

Fakku, 24 ga Jimada Sani

Zahara'u, ina gaisuwa, kuma raina a ɓace.

Takardarki ta iso hannuna jiya, kwana goma sha ɗaya bayan Talatar da kinka ce. Motar Ɗangiwa ta karye bayan Gusau, ya kwana goma sha biyar yana jiran ƙarfe, takardar na cikin hularshi. Da yab ba ni har ta ɗauki warin man kai. Na je nit tari Yaya bakin rijiya, nic ce ashe an ba da rana? Yac ce an ba da, amma ba a katse maganin kwana arba'in don a je a kwanta cikin injin Nasara, kuma ni da nij jawo abin ba ni da bakin tambaya.

Kin ce in tsaya a kansu. Da wace ƙafa? Ni da ko inuwar zaure ban isa in tsaya ba.

Na sake ɗauko Gwaggo, laifi na ukku. Wanga karo da ƙullin kayanta taz zo. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure inda ɗalibai da baƙi ke wucewa, tac ce ba ta ci ba ta sha a gidan nan sai ƙanenta ya shiga mota. Inna ta kawo fura, ta mayar. Yaya ya kawo hadisi, ta ce ta riga shi jin shi da shekara talatin. Kafin la'asar Malam ya aiko a ce mata ta ci abinci, zai tafi. Don haka ki sake nema musu rana, ki faɗa ma Gwaggo, ba Yaya ba. Yaya ne zai raka shi. Ni an ce ko tasha kada in bi su.

Amsar likita, abin da nig gani daga nesa da wanda Inna ta faɗa mini: ba ciwo ko kaɗan. Yana jin taɓi, ko tururuwa ta hau shi ya sani. Ƙafar dama ta fara ja, takalminshi na dama ya cinye ta gaba, na duba da ya shiga masallaci. Mutane sun ce ga tafiyar hawainiya nan ta fito. Harshe ya ɗan yi nauyi, ni na ji a karatun asuba ko da ba wanda ya yarda ya faɗa. Tunani kuwa garau. Jiya wani ɗalibi ya ci wasali guda a bayan katanga, Malam ya gyara mishi daga cikin ɗaki. Ƙarfe babu a jikinshi, sai layar da Kaka ya ɗaura mishi a damtse. Wannan ke za ki san yadda za ki yi da ita.

Almu, wanda har yanzu ubangidanki ne, ko da an ware mishi akushi.

*

Kano, 21 ga Mayu

Almu,

Gaisuwa. Sun iso lafiya, suna gidana. Kawu na cin abinci, yara sun maƙale masa.

An yi hoton jiya. Layar ta ɗauke mu kusan awa guda. Ya ce shekara hamsin ba ta bar damtsensa ba. Na ce masa, Kawu, in akwai ƙarfe a cikinta injin zai fizge ta. Ya ce bai san abin da ke ciki ba, ba a buɗe ta. A ƙarshe ya yarda da sharaɗin in riƙe ta a hannuna inda zai iya hangena ta gilashi. Haka na yi aiki da hannu ɗaya. Injin yana da ƙara kamar na niƙa, kuma ba a son motsi. Sau biyu muna tsayawa saboda leɓensa na motsi da karatu. Na ce ya yi a zuci. Da aka fito da shi na tambaye shi ko ya gaji, ya ce izu biyu da rabi ne kawai.

Ga abin da aka gani a kallon farko. Babu ƙari a kansa. Babu jinin da ya fashe ko ya toshe, wato ba shanyewar ɓarin jiki ba ce. Ƙashin wuya bai danne laka ba. Duk abubuwan da muka fara zargi, babu ko ɗaya.

Amma likita bai sallame su ba. Na ɗauki wasu hotuna na musamman da za a zauna a kansu, kuma za a gwada jijiyoyin hannu da ƙafa da siririyar allura mako mai zuwa. Akwai abin da ya tsaya masa. Ya tambayi yaushe abin ya fara, Yaya Shaihu ya ce ranar hawainiya, har da kwanan wata. Likita ya ce zubewar naman da yake gani ta girmi wata uku. Ya juya ya tambayi Kawu. Kawu ya kalli silin ya ce Allah ne masani.

Kai ne kullum a gindinsa kafin wannan abu. Akwai wani abu da zai nuna yadda hannun yake kafin ranar? Ka yi tunani, ka bar wasa.

Zahara'u.

*

Fakku, 21 ga Rajab

Zahara'u, gaisuwa gare ki da Malam, in zai karɓa.

Kin kashe ni da takardarki, kuma ni na miƙa wuyan. Da nik karanta babu ƙari, babu jini, babu komi, murna ta ɗebe ni, nish shiga cikin gida da gudu nik karanta ma Inna da ƙarfi, matan maƙwabta na nan ana sussuka. Ban kai ga amma ɗinki ba wata tsohuwa tac ce, to ai shi ke nan, injin Nasara ma ya duba bai ga ciwon asibiti ba, saura mi? Kafin azahar magana ta kai kasuwa: an kai Malam Kano, na'ura ta tabbatar hawainiya ce. Na bi mutane da takardar ina cewa ku ji sauran, ba mai tsayawa. Wa zai ji sauran daga bakina? Mai shayi ya daina ba ni kofi, wai in zo da nawa. Inna da kanta ta wanke mini tufafi ta ɗaure a buhu, tana yi tana kuka. Ke kuma don Allah in za ki rubuta ma ɗan ƙauye, ki fara da amma.

Tambayarki ta hana ni sukuni kwana biyu, sai nit tuna da tawada. Ni ke dafa ma Malam tawada tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Wadda nid dafa bayan Sallar Layya ƙaro ya yi mini kaɗan, ta fito fara-fara, ja-ja, ba baƙa wuluk ba. Malam ya yi mini faɗa amma yac ce ba a zubar da ita. Da ita yay yi rubutu wata biyu, ta ƙare, nid dafa mai kyau, sannan da wata guda hawainiya taz zo. Ke nan duk warƙa, wato takardar Alƙur'anin, da ke da farar tawada ta girmi laifina.

Na yi alwala nish shiga zaure da hantsi, lokacin kowa na gona ana sharar shuka. Laifi na fuɗu. Na buɗe gafakar fatar da Alƙur'anin ke ciki. Zahara'u, kin san alif ɗin Malam, tsaye kamar an sa zare. Na duba na watan azumin bara, haka suke. Na zo kan farar tawada, sai ga alif na karkata, lam na rawa a wuya. Wani wuri ya ɗiga, ya kankare, ya sake. Malam da ba ya kankara. Can gaba layukan sun fara gajarta, kamar mai hutawa a tsakiya. Kullum ni ke miƙa mishi tawadar, ban taɓa duba abin da ta zama ba.

Ga warƙa shida nan, biyu na azumi, biyu na farar tawada, biyu na ƙarshe. Na naɗe su cikin farin ƙyalle da fata, na sa Ɗangiwa ya yi alwala gabana, nic ce in ya sa su cikin hula ko ƙarƙashin kujera Allah ya isa. Ki riƙe su da kanki. In sunka ɓata, ba Fakku kaɗai zan bari ba.

Saura wata guda da kwanaki azumi.

Almu.

*

Kano, 13 ga Yuni

Almu,

Gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka buɗe baki.

Zan fara da amma, yadda ka ce. An gano ciwon, amma ba shi da maganin warkewa.

Warƙoƙin sun iso lafiya. Na jera su a kan tebur, ni nake juyawa, likita na kallo. Ya daɗe a kan na farar tawada. Sannan ya kira ni gaban allon na'ura ya nuna mini hotunan nan na musamman. A saman ƙwaƙwalwa akwai wani yanki kamar ɗauri, daga nan umarnin motsi ke fita. A hoton Kawu yankin ya yi duhu kamar an ja layi da alƙalami, ya fi yawa a hagu, wanda shi ke mulkin hannun dama. Hanyar da umarnin ke bi zuwa laka ita ma ta canza kama. Shekara tara ina wannan aiki, ban taɓa ganin irinsa da idona ba. Likita ya ce hoton shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Amma da ya haɗa shi da gwajin allura, wanda ya nuna abin ya taɓa har hannun hagu da harshe, da abin da ya gani a jikinsa, da rubutun nan, shakka ta kau.

Ciwo ne na jijiyoyin da ke motsa jiki. Suna mutuwa a hankali, nama ya rasa mai ba shi umarni ya zube. Ba ya taɓa ji, kuma galibi yana barin hankali. Ba kasafai ake samunsa ba, ba a ɗauka, ba a san takamaiman abin da ke kawo shi ba. Zai ci gaba. Akwai abin da za a yi a sauƙaƙa masa haɗiya da numfashi da motsa gaɓoɓi, duk na rubuta wa Yaya Shaihu. Na tambayi tsawon lokaci, likita ya ce ya bambanta, amma duk abin da Kawu ke son gamawa a fara yanzu.

Yaya Shaihu ya tambaya sau biyu ko firgita na iya tayar da shi. Likita ya ce, “Malam Shaihu, wannan abu ya riga hawainiyar shiga hannun nan da watanni. Ko ba a haife ta ba, da yau muna nan zaune.”

Kawu ya ga warƙoƙin a kan tebur. Ya tambayi wa ya ciro su. Na ce kai. Na jira faɗa. Ya ce kawai a mayar da su yadda aka naɗo su.

Ba laifinka ba ne, Almu. Ni ma na ƙi yarda da kai lokacin da kake faɗar gaskiya, ka yafe mini. Suna tasowa jibi. Na mayar masa da layarsa da hannuna.

Zahara'u.

*

Fakku, 20 ga Sha'aban

Bismillahi. Zuwa ga Zahara'u. Gaisuwa gare ki da mutanen gidanki. An yi ruwa, gero ya tsiro, Inna lafiya. Na yafe miki, ba don kin cancanta ba.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda kinka ce, a bayan rumbu. Wata fuɗu ina jiran ranar da za a ce ba ni ba ne. Har na tsara yadda zan bi kasuwa rumfa rumfa, in fara da mai shayi. Ban je ko'ina ba.

Sun iso, an sauko da Malam mutum biyu na riƙe da shi. Da anka kawo tuwo Yaya ya turo akushin tsakiya yac ce in matso. Daga Yaya wannan huɗuba ce. A gari kuwa rabi sun yarda, rabi sun ce hawainiyar tun bara ta fara aikinta daga nesa.

Kwana ukku bayan nan, da hantsi, Malam ya kira sunana. Harshen ya yi nauyi, sunan ya fito a karye, amma nawa ne. Na shiga nid durƙusa. Ya sa Yaya ya fita da ɗalibai. Yac ce alƙalami ya fara faɗuwa daga hannunshi sati biyu bayan Layya. Ya ɓoye ma kowa, har Inna. Ya duba duk littattafan da ya gada bai ga abin ba, tsoro ya kama shi. Da hawainiya taz zo mutane sunka ba abin suna, sai ya ji sanyi, don abin da ke da suna yana da magani a gafakarshi.

“Na bar ta ta ɗauki kayana,” in ji shi. “Na ga kai ta aza ma, na yi shiru. Ka yafe ma ubanka.”

Na so in yi fushi, ina da hakkin fushin wata fuɗu, na duba hannun bisa gwiwarshi na nemi fushin na rasa.

Sannan ya tura mini kwandon alƙaluma da ƙafar hagu, yac ce in duba ciki da kyau kafin in sa hannu, gidan nan ba a san abin da ake ajewa ba. Ya yi dariya har ta sarƙe shi. Yac ce izu bakwai ɗin nan ni zan rubuta, shi yana kallo. Nic ce ga Yaya. Yac ce Yaya ya fi ni karatu da hankali da kunya, amma wanda ya iya kwaikwayon hannun mutane har ya taso ɗiyar Asiya daga Kano da takarda guda, ya iya kwaikwayon na ubanshi.

Mun fara. Warƙa ukku nir rubuta jiya, ya sa na sake biyu. Shina zaune dama da ni da tsinke a hannun hagu, in alif ya karkata sai in ji shi a bayan hannuna. Warƙoƙin farar tawada na ce in sake su, yac ce a bar su yadda suke. Ina sauri shina hana ni, kuma mu duka mun san abin da ya sa nika sauri. Shekaranjiya tsinken ya faɗi daga hannun hagun. Ya ce santsi ne. Na ce i, santsi ne.

Abu guda nika roƙo, kuma ba wasa ba ne, ki duba ki gani ko gaisuwar tsiya ban yi miki ba. Ki sake tambayar Likita Maccido ko akwai wata na'ura, a Legas ko Makka ko ina ne, da ta fi taku gani, wadda in an sa Malam za ta ce kun yi kuskure, hawainiyar ce. In akwai, ki faɗa mini. Buhun da Inna ta ɗaure mini yana nan bayan ƙofa, ban kwance shi ba.

Wassalam. Almu ɗan Malam Sama'ilu.